Man Kaɗe a Cikin Moton Cha'ibu Baduku

Cha'ibu baduku taubashina ne. Uwarsa, Gwaggo Kadi, ita ke bin mahaifina, saboda haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Ya girme ni da shekara bakwai. Ya fi ni haƙuri, ya fi ni ibada, hannunsa ya fi nawa tsabtar aiki. Amma a duk ƙasar Dandi ban taɓa haɗuwa da mutumin da ya ƙona mini rai kamarsa ba, Allah ya ji ƙansa.

A Yelu aka haife shi. Ubansa ya rasu ya bar masa wuƙar dukanci da basilla, ya bar wa Gwaggo Kadi yara biyu, shi da ƙanwarsa Hawa. Da man kaɗe ta raine su. Ita ke shiga daji tsintar ƙwara, ta dafa, ta shanya, ta daka, ta niƙa, ta kwaɓa har mai ya taso, ranar kasuwa ta ɗora ƙwarya a ka. A gidansu da shi ake miya, shi ake zuba wa fitila, shi ne maganin kaushi da tari da targaɗe. Yaron da ya tashi a haka, ka ce masa akwai abin da man kaɗe ba ya gyarawa, kamar ka zagi uwarsa ne.

Shekarar da aka daina aikin dole ya sauko Gaya, ya kafa rumfa a bakin hanyar da ke gangarawa mafita, bakin kogi inda jirgin fito ke tsayawa. Yana ɗinka kayan doki, da kube, da takalma, da layu, da matasan fata masu ado waɗanda Nasara ke saya in za su koma ƙasarsu. Aikinsa ba ya buƙatar talla. In Cha'ibu ya ɗinka maka takalmi, sai dai ka gaji da shi ka bayar. Ya auri Ajuma, mace mai faɗa kaɗan da aiki da yawa, suka zauna lafiya.

Aibinsa guda ne, yana da wata magana da ya ɗauka ta isa ta riƙe duniya: "Abin da ya bushe shi ka karyewa." A wajen fata gaskiya ce. To amma shi bai tsaya a fata ba. Ƙyauren gidansa ya sha man kaɗe, ƙahon ragonsa ya sha, ƙotar gatarin maƙwabci ta sha ba tare da an roƙe shi ba. Na taɓa mance agogon aljihuna a rumfarsa kwana biyu. Da na dawo ya miƙo mini yana murmushi, wai ya ji yana kukan ƙishi ya taimake shi. Agogon bai sake motsi ba, sai kiyashi da suka tare a ciki.

Ni kuwa, Tanko, ƙarfe na koya. Na yi shekara shida a garejin Tarabo, ma'aikatar ayyukan gwamnati, a Doso, daga nan aka kawo ni kan injin jirgin fito mai ƙetare da motoci tsakanin Gaya da Malanbil. Lokacin ana ta kafa ginshiƙan gada, ba a gama ba. Ina ji da kaina a lokacin, ba zan ɓoye ba. In inji ya yi tari daga nesa nakan faɗi ciwonsa tun ban ƙaraso ba, kuma sau da yawa ina dacewa.

Moton, wato babur, ya shigo hannun Cha'ibu ne daga wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, mutumin Dahome, da aka ɗauke shi zuwa wani gari. Tsohon moto ne baƙi, ya gaji, ya daɗe jingine a bayan ɗaki kaji na kwana a kansa. Cha'ibu ya ba shi kayan doki cikakke da rago ya turo abinsa gida. Mutane suka yi ta dariya, wai baduku da moto. Ni na san dalili. Gwaggo Kadi ta tsufa, kuma ta rantse ba za ta bar Yelu ta zo garin sauro da ƙarnin kifi ba. A kan jaki tafiyar yini ce da rabi. A kan moto, in ka tashi da hantsi, a can za ka yi azahar. Don ya riƙa ganin uwarsa sau biyu a wata ya saye shi, ba don yanga ba.

Wata guda na yi ina tada moton nan. Abin da ya fi cin lokaci shi ne ambirayaji, wato abin nan da ake matsawa da hannun hagu kafin a sa bitesi, giyar moto ke nan. A gefen inji akwai marfi, a bayansa akwai faifai na ƙarfe jere da juna. Wasu sumul suke, wasu an huda su an cusa musu bushon, irin ɓawon itacen nan mai laushi da ake toshe kwalba da shi. In ka matsa hannu sai faifan su rabu, bitesi ya shiga salin alin. In ka saki sai su kama juna, ƙafar baya ta juya. Na sa sabon bushon da hannuna, na zuba man inji daidai gwargwado, na rufe. Sannan na kama kunnen taubashina, ba da wasa ba.

Na ce, "Cha'ibu, ka wanke shi, ka ba shi iska, ka zuba mishi isansi. Amma wanga marhi nawa ne. Ko a mahwarki kak ka buɗe shi."

Ya ce, "Haba Tanko, ni da ba ni da ko kile?"

Ashe yana da kile ɗin, wato sifana. Mutumin Dahome ya bar masa jakar kayan aiki a ƙarƙashin sirdi, bai taɓa faɗa mini ba.

Kusan shekara moton na kai shi yana dawo da shi lafiya. Sai wata Litinin cikin watan sanyi, da azahar, Siddo mai jakuna ya iso daga Yelu da kayan gero da saƙon Hawa. Gwaggo Kadi ba ta da lafiya. Ba ta kwanta ba tukuna, tana zaune tana shan kunu, amma ta ce a kira mata Cha'ibu, tana da magana da shi, kuma ta ƙi faɗa wa kowa. Cha'ibu ya miƙe a take zai hau moto, sai ya tarar tanki a bushe. Isansi, wato fetur, ta yanke a gari, sai jirgin yamma zai kawo. Ya zama dole ya bari sai da asuba.

Da a ce ya koma rumfa ya ci gaba da ɗinkinsa, da babu wannan labari. Amma hankalinsa a tashe yake, kuma mutum irinsa in hankalinsa ya tashi hannunsa ne ke neman abin yi. Daga baya ya ba ni labarin yinin nan dalla-dalla. Ya ce ya dubi moton ya ga gobe zai sha rairayi, ai ko doki za a yi doguwar tafiya da shi sai an kintsa shi. Ya wanke, ya goge, har yanzu rana na sama. Sai ya ciro jakar nan ya buɗe marfina.

Abin da ya gani ya ba shi tausayi. Man ciki baƙi ƙirin, tsararo kamar ruwa. Bushon ɗin da na sa ya yi baƙi, ya danna da farce ya ji shi gautsi. A idon baduku, abu ne da ke daf da karyewa. Ya zubar da man. Ya sa basilla ya ƙwaƙule bushon ɗin kaf. Ya ɗauko ƙirgin bijimi mai kauri, irin na tafin takalmi, ya yanka ƙanana-ƙanana daidai ramukan, kowanne ya zauna ɗas kamar a can aka halicce shi. Ya narka man kaɗen Ajuma rabin ƙwarya, ya jiƙa fatun, ya jera faifan yadda ya same su, ya ɗura sauran man a ciki, ya rufe, ya goge ko'ina. Ya ce daren nan ya kwanta yana jin daɗin ya yi wa moto alheri.

Talata da asuba ya buga moto ya tashi. Ya matsa hannu ya sa bitesi, sai ji kake ƙararas, moto ya zabura ya daki dangar Ajuma ya mutu. Ya sake, haka. Sau biyar. Man kaɗe ya kwana cikin sanyi ya daskare, fatu sun kumbura, faifai sun manne wuri guda. Ni duk ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne na gan shi a mafita tun rana ba ta fito ba, babu hula, yana cewa in zo.

Tambayar farko da na yi masa ke nan, tun kan hanya. "Ka taɓa wani abu?"

Ya kau da kai ya ce, "Ni mi na sani ga ƙarhe?"

Ku duba wannan amsa. Bai ce i ba, bai ce a'a ba, don shi ba ya ƙarya. Ya dai ajiye mini magana a tsakiyar hanya, ni kuma na tsallake ta na wuce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma taubashina ya zo wanka da riga da wando.

Na gwada da kaina, moto ya zabura ya mutu. Na ce wannan ai ƙaramin abu ne, wayar ambirayaji ce ta saki, hannu ba ya raba faifai sosai. Ina cikin ɗaure waya sai ga Siddo da jakunansa, ya sayar da gero zai koma. Ya tsaya a ƙofar gida ya dube mu.

Ya ce, "Malam Cha'ibu, ga jaki guda ba kaya. In ka hau yanzu, gobe da hantsi muna Yelu."

Cha'ibu ya dube ni. Na ga ƙafarsa ta fara matsawa wajen jakin. Ni kuwa raina ya sosu, a ce ina tsaye da kile a hannu ana yi wa moton da na tada tayin jaki.

Na ce, "Siddo, kama hanyarka. Kahin hantsi wanga moto shina bisa hanya. Za mu wuce ku kuna hutun azahar, in kana da saƙo ma ba mu."

Siddo ya yi dariya ya ce, "To, tahiya sannu-sannu dai kwana nesa." Ya kora jakunansa ya tafi.

Na ɗaure waya na bar inji yana ta juyi a tsaye don ya yi zafi. Da na sa bitesi sai ya shiga lafiya lau. Na dubi Cha'ibu na ce ka gani? Ya hau, ya saki hannu, ya murɗa. Inji ya yi ta ruri har awaki suka watse, moto kuwa ko taku ɗaya bai yi ba, sai ɗan rarrafe kamar mai ciwon ƙafa. Zafi ya narka man, fatu sun zama santsi, faifai na zamewa a kan juna. Na ce to na ɗaure da yawa ne. Na sassauta. Ba canji. Aka aiko kirana, motocin gyaɗa sun taru a mafita, dole na tafi na ƙetare da su. Na ce masa kafin azahar.

Da na dawo inji ya huce. Na sa bitesi, ƙararas, ya zabura ya mutu. Wallahi sai da na ja da baya na dubi moton nan. Ciwo biyu ne da ba sa haɗuwa a jiki ɗaya. Ko dai faifai su ƙi rabuwa, ko su ƙi kamawa. Wannan kuwa in ya yi sanyi ya ƙi saki, in ya yi zafi ya ƙi riƙo. Na ciro wayar gaba ɗaya na wanke ta na mayar. Na kwance sandar bitesi na duba haƙoranta, ba abin da ya same su. Na duba sarƙa. Na duba buji, wato fulogi, wanda ko kusa ba ruwansa, don dai kada a ga hannuna a sake. Marfin nan kaɗai ban taɓa ba. Me zai kai ni? Ni na rufe shi, na san abin da ke ciki, kuma a goge yake tas, ba alamar an taɓa shi.

Warin man kaɗe kuwa tun safe yake dukan hancina. Amma a gidan Cha'ibu me ba ya wannan wari? Shi kansa yana tsugune a gefena yana miƙo mini kile, na ɗauka daga jikinsa ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai, in na tuna, shi ne irin taimakon da ya riƙa yi mini. Ya kawo mini fura. Ya riƙe mini tabarma don rana. Da la'asar har cewa ya yi, "Tanko, halan dai baki ne? Ranar Juma'a wani ya tsaya shina ta yabon shi." Mutumin da ya san abin da ya ɗura a ciki, shi ke ba ni shawarar baki! Na ce masa bakin da ke shiga cikin inji ban san shi ba.  Sau biyu na ga ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya rufe ya tashi ya shiga gida. Na ɗauka tunanin Gwaggo ne, kuma da shi ɗin, amma ba shi kaɗai ba.

Magariba ta yi, moto na nan inda yake. Ajuma ta leƙo ta ce ko a nemi aron doki wajen mai gari. Na ce ba a buƙata, na gano bakin zaren, gobe da sassafe. Ban gano komai ba. Kunya ce ta hana ni cewa ya fi ƙarfina, kamar yadda ta hana shi cewa ya buɗe. Mu biyu muka tsare ƙofa ɗaya, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara wucewa.

Laraba na zo tun da duku-duku, ban ko je mafita ba. Na tsuguna zan sake bin waya karo na nawa, sai idona ya faɗa ƙasa. A ƙarƙashin marfin akwai inda mai ya ɗiga jiya da inji ke da zafi. Ɗigon ya daskare, fari fat, kiyashi sun kewaye shi. Na lakata na murza a yatsa. Na sansana. Na ɗanɗana ma, don in tabbatar ba hauka nake ba.

Na ce, "Cha'ibu."

Ya ce, "Na'am."

"Man inji na daskarewa?"

Ya dubi ɗigon, ya dubi yatsana.

"Kiyashi na shan man inji?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya bushe ne, Tanko. Na ga ya bushe."

Na sa kile na buɗe marfin. Abin da na tarar, da an kai kasuwa da an saya. Faifai sun dunƙule cikin farin mai kamar curin da mata ke kasawa. Na ɓamɓare su da ƙyar, sai ga fatu a jere, an yanka su da kyau, an goge bakinsu, ko ɗaya bai fi ɗan'uwansa ba. Ban taɓa ganin ɓarna mai kyan aiki irin wannan ba.

Abin da na faɗa masa a safiyar nan ba zan maimaita duka ba, don ya riga mu gidan gaskiya. Na ce masa garin neman gira ya rasa ido. Na ce moto ba salka ba ce. Na ce da ya buɗe baki jiya da asuba, da yanzu yana zaune gaban uwarsa. Maƙwabta suka fito. Ajuma ta zo ta leƙa cikin injin, ta dubi mijinta ta ce, "Ashe nan man nawa ya tahi. Ni ina ta zargin ɗiyan mutane." Ta juya ta koma ciki. Wannan ta fi duk zagina shigarsa.

Da na gama huci ya ce a hankali, "Ka ce kar in buɗe. Na ji nauyin in ce maka na buɗe."

Nauyina! Ni da ya goya ina yaro. Ni da muke zagin juna a gaban surukai. Wai ni yake jin nauyi, uwarsa na can tana jira.

Faɗa ba ya tada moto. Muka wanke faifai da isansi har sau uku. Man inji ina da shi a jirgi. Bushon ne babu, a Gaya kaf ba mai sayarwa, na farkon ma daga Doso aka kawo mini. Na zauna ina tunani, sai na tuna da Ɗanladi, kukun gidan saukar baƙin Nasara. Na je da gudu. Ya kai ni bayan kicin inda ake jibge kwalabe, muka tsince toshiyarsu cike da hula.

Da na zube su a tabarma Cha'ibu ya ɗauki ɗaya ya kai hanci, ya yar kamar ya taɓa wuta.

"Subhanallahi! Na giya ne, Tanko. A kan wanga zan tahi gaida tsohuwa?"

Na ce, "Sha za ka yi? Ko ka yanka su, ko ka bi Siddo da ƙahwa."

Ya ce sai dai a tafasa su. Na yarda, don ko ba haka ba sai an tafasa suke laushi. Ajuma ta ɗora ruwa a wata tsohuwar tukunya da ta ce ba za ta sake girki da ita ba. Shi ya yanka, kuma dole in faɗi gaskiya, ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Abin da zai ci mini yini ya gama kafin azahar. Muka cusa, muka goga a kan dutse har suka daidaita, na jera, na zuba mai, na rufe. Na buga, na matsa hannu, bitesi ya shiga ba ko ƙara. Na saki, moto ya ja.

Ban bar shi ya tuƙa ba. Na aika a gaya wa shugaban jirgi ya nemi wani, na ɗauke shi a baya muka kama hanya bayan azahar. Moto bai yi mana ko tari ba. Cikin rairayi ya ja, kan tudu ya ja. Duk tsawon hanyar ina jin yana ta salati a bayan kunnena.

Rana ta yi ja muka shiga Yelu. Abin da na fara gani a ƙofar gidan shi ne jakunan Siddo a ɗaure suna cin harawa, an sauke musu akumari, sun huta. Hawa ta fito da jin ƙarar moto. Ba ta gaishe mu ba.

Cha'ibu ya ce, "Tana nan?"

Ta ce, "Tana nan."

Ya yi hamdala zai wuce, ta tare shi da hannu.

"Yaya, tsaya. Bakinta ya rihe. Jiya yini ta yi tana tambaya ko an ji moto. Yau da hantsi Siddo ya iso, ta ce a shigo da shi. Ta dubi bayanshi ta ce, ina shi? Ya ce kuna tahe. Ta ce to. Kahin azahar ta zame daga zaune, tun sannan ba ta sake magana ba."

Muka shiga. Gwaggo Kadi na kwance, gefen fuskarta ya karkace, idanunta biyu. Ta gane shi, wannan ba shakka. Ta bi shi da ido har ya durƙusa, ta ɗaga hannun da ke motsi ta kama wuyan rigarsa ta ja shi kusa. Leɓenta na rawa. Ya kai kunne. Ba abin da ya fito sai iska. Ta sake gwadawa, ta sake, har hawaye ya gangaro mata cikin kunne. Ni na kasa tsayawa, na fita waje na zauna kusa da jakunan nan.

Kwana shida ta yi a haka, bai bar gefenta ba sai in zai yi salla. Kullum sai ta ja rigarsa ta gwada. Ran na bakwai Allah ya karɓi abinsa.

Ya rayu shekara ashirin da ɗaya bayan haka. Ya ga an buɗe gada, ya ga Nasara sun tafi, ya aurar da ƴaƴansa huɗu. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, ko da wasa, mu da ba abin da ba ma yi wa wasa. Wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi da shi, don da ya zage ni sau ɗaya da na samu sauƙi. Shi ya zuba man, amma ni na kori jakin.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun watse, na ji shi a bayan rumbu yana tambayar Hawa. Ya ce ko gona ce, ko wani aka saɓa wa take so a nemi gafara, ko dai wani abu ne game da ubansu. Ya yi ta jero mata, tana girgiza kai.

Ya ce, "Ko kalma guda ba ta hwaɗa miki ba? Ke da kuke ɗaki ɗaya?"

Hawa ta ce, "Na roƙe ta, Yaya. Talata da dare har kuka na yi mata. Ta ce ba komi, ai Cha'ibu na da moto, yanzu za ya iso."